Sallahu a Hanyar Teku

Tunda ka zo kana huci wai maƙwabta sun cika maka mota da sallahu, zauna tukuna ka ji abin da ya sami wani tela a Funtuwa.

Telan nan yana da tsohuwa, mai sayar da goro ce, a gaban faranti ta yi furfura. Ko wane irin goro ka miƙa mata, da ta ɓantara za ta gaya maka inda ya fito, amma ba ta taɓa ganin itacen da ke haifarsa ba. Teku kuwa sai dai a bakin matafiya. Da idonta ya fara hazo, likita ya ce abin gaba yake yi, sai ɗan ya ƙudura a ransa cewa kafin hasken ya ɗauke sai Inna ta ga itacen goro, ta ga teku. Ya jira aka gama girbi, yara suka sami hutu, ya aro motar amininsa. Shiri kam ya sha shi. Kullum da la'asar sai ya tara iyali a tsakar gida yana zana hanya a ƙasa da tsinke: nan Kwantagora, nan gadar Jebba, nan Ibadan, ga ruwa can ƙarshe. Matarsa na soya dambun nama, yara na gardamar wa zai zauna kusa da taga. A lissafinsa ba sai ya san kowa a kudu ba. Gona ai ba ta ɓuya, ana tafe ana kallo, in an hango ta goro a taka birki. Kada ka yi masa dariya, mutumin da ya tashi inda ake hangen dawa daga bakin titi har iyakar ido, me zai sa ya zaci wani abu daban?

Sai dai bakin tela ba ya riƙe magana, kafin ka ce kwabo unguwa duk ta ji. Ka kuwa san halinmu, babu gidan da ba shi da ɗan'uwa a kudu. Wannan ya kawo daddawa, wancan galan na man shanu, wani ma zabi ya ɗauro da ransu. Ran tela ya ɓaci ƙwarai, don kowane ƙulli ratse ne, shi kuma sauri yake yi da idon uwarsa. Har ya loda kayan a baro zai kai tasha ya haɗa su da wani direba, sai ga wata gyatuma maƙwabciyarsu da ɗan ƙullin kuka, a kai wa ɗanta a Shagamu. Ta ce, "Ka duba min fuskarsa, ɗan nan, ka zo ka gaya min ko ya rame." To wannan wane direba za ka ba? Kunya ta kama shi, ya maida komai cikin mota, yara suka zauna gwiwa a haɓa, zabi na kuka a baya.

A Mokwa aka sauke man shanu, mai shi ya rantse ba za su wuce ba sai sun ga gonar doyarsa. Yara suka sha rake har cikinsu ya ɗaure, tela na murmushin dole yana duban rana. Amma da suka nausa kudu sosai, sai hanya ta rufe. Kurmi dama, kurmi hagu, kore shar kamar an ja labule, ba ka bambance gona da daji. Ya taka birki a gindin wannan itace, ya taka a gindin wancan, kowanne ya rantse shi ne goro, masu wucewa na ƙunshe dariya. Inna ta ƙanƙance ido ta ce ita ganye kawai take gani. Tela ya ja mota suka ci gaba.

A haka suka isa Shagamu. Ɗan gyatumar ashe dillalin goro ne. Ya sunsuna kukar nan ya share ƙwalla, ya sa aka yanka kaji, da gari ya waye ya shige musu gaba ta wata siririyar hanya da ko akuya ba za ta kula da ita ba, har gonar wani Bayarabe abokin cinikinsa. Aka tsinko ƙwanso aka fasa a tafin Inna, ga goro jere a ciki, fari da ja. Ta dafa itacen tana dariya ta ce, "Ashe kai ne ka ciyar da ni shekara da shekaru, ba mu taɓa gaisawa ba!"

Mai zabin kuma a Legas yake. Shi ya fitar da su daga cunkoson da ya kusa sa tela kuka, ya kai su wata gaɓa mai shiru inda masunta ke jan taru. Yara suka ruga da ihu, ruwa ya koro su. Inna ta tsaya riƙe da hannun ɗanta, ta daɗe tana kallo da ɗan sauran idonta, ta nemi ɗaya gaɓar ta rasa. Can ta yi hamdala ta ce ta gani, ya isa. Tela ya juya baya yana goge fuska da hula.

Da ya kai kayan nan tasha, da ganye kawai tsohuwa ta gano. Gaskiyar Hausawa da suka ce alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza.