Tambayar da Marigayi Ya Ajiye

"Na'urar da ke adana hotunan kyamara ta kulle kanta, Mama," in ji mai gyara. "An yi ta buga lambar sirri ba daidai ba."

Tsohuwar ta harari mai shago. Ɗanta ne ya kafa masa kyamarorin nan, kuma a ƙofar shagon mota ta take shi ta gudu. Tun bayan jana'iza take sintiri a nuna mata motar, kullum mai shago ya daddanna ya ce ta ƙi.

"Yatsunka ne ba su iya ba, ko zuciyarka?" ta ce masa.

"Gobe hoton ranar zai goge," mai gyara ya ce. "Sai dai a amsa tambayar da marigayin ya ajiye: me mahaifiyarka take kiranka?"

Tsohuwar ta matso gaban na'urar, ta dubi mai gyara.

"Rubuta Kunnen Ƙashi."

Na'ura ta buɗe. Ga ɗanta yana tsallaka titi, ga farar mota tafe a guje. Ba ta kalli ƙarshen ba. Ta juya ta leƙa waje, inda farar motar mai shago take tsaye da sabuwar fitila ɗaya.