Turbo ko Sufacaja a Garejin Malam Dabo

Karo na uku ke nan Kamaluddeen yana cewa turbo yake so, karo na uku kuma bakaniken, Malam Dabo, yana girgiza kai.

Alhamis ce, azahar ta wuce. Jibi Asabar Kamaluddeen zai yi tseren mota da abokin hamayyarsa Elvis a miƙaƙƙen titin bayan Birnin Kudu, gaban duk samarin gari. Sau biyu Elvis yana barin sa a baya, a na biyun har da leƙo kai ta taga yana ɗaga masa hannu. In aka yi na uku, ya san ya gama zama a majalisa. Shi ya sa da labari ya zaga cikin 'yan wasan mota cewa wani bakanike a Gwaram ya samo turbo da sufacaja, na'urorin ƙara wa inji ƙarfi, wai kuma sun fi dacewa da jar Marsandi irin tasa, ko karyawa bai yi ba ya fito da motar. Kwana shida rabon da ta leƙa waje. Bai so shiga ƙasar Gwaram a satin nan ba, amma dariyar Elvis ta fi ƙarfinsa.

Garejin rumfar kwano ce a jikin gida. Gefe guda, ƙarƙashin tsamiya, dattawa ne zaune a kan tabarmi. Daga cikinsu Malam Dabo ya taso da farar riga, ko kayan aiki bai sa ba. Kamaluddeen bai ko ɗaga musu hannu ba, sauri yake.

Malam Dabo ya zagaya motar a hankali, ya tsaya a gaba, ya shafa bambar.

"Wannan sabuwa ce."

"Inji na kawo maka, Malam, ba bamba ba."

Sai bayani ya fara. Turbo, in ji Malam Dabo, da hayaƙin salansa yake juyawa, saboda haka sai inji ya ɗau wuta kafin ya tura iska. Ka taka totur, ya yi shiru, kana kallo abokin karawarka ya tafi. Ita sufacaja bel ne ke jan ta daga jikin inji, kana takawa tana amsawa. Yana magana yana sa jak, ya ɗaga motar, ya kwance tayoyin gaba biyu, wai zai auna wurin da bututu zai bi. Ya cire batir ya kai cikin gida, wai kada wuta ta haɗu.

Gaskiya bayanin ya shiga kan Kamaluddeen, don a tashin farko Elvis ke cinye shi kullum. Ya ce to, a sa sufacajar.

Malam Dabo ya sake girgiza kai. Ai ita sufacaja, ya ce, daga ƙarfin injin take ci, ga shan mai. A dogon titi turbo ne sarki.

Haƙurin Kamaluddeen ya fara ƙarewa. Awa biyu! Duk wanda ya zaɓa sai mutumin nan ya koma bayan ɗayan. Ga shi kuma duk minti biyar sai wani ya zo ya durƙusa ya kama hannun bakaniken, a tsaya doguwar addu'a, shi kuma yana ta amin, amin, kamar ba mai jiran sa. Wani tsoho ya miƙo wa Kamaluddeen gumba a faranti, ya ture da bayan hannu.

Aka kira la'asar. Dattawa suka yi salla a nan ƙarƙashin tsamiya, Malam Dabo ya bi sahu. Kamaluddeen ya tsaya yana kallon motarsa a kan jak, ba taya, ba batir, yana haɗiye zagi.

Da aka idar ya daina haɗiyewa.

"Ka mayar min da tayoyina! Laifina ne da na kawo mota irin wannan wurin bakaniken ƙauye. Kai ban da injin ban-ruwa me ka taɓa gyarawa?"

Malam Dabo bai ɗaga murya ba.

"Yi haƙuri, ranka ya daɗe. Tambaya ɗaya ta rage, ita za ta raba mana gardama. A yadda take yanzu, gudu nawa take yi? Don ni ina ganin ba za ta wuce ɗari da ashirin ba."

Nan ne ya taɓo inda ke masa ciwo.

"Ɗari da ashirin? Ɗari da tamanin na kai ta! A hanyar Farin Dutse ma, da ramukanta da kwanoninta!"

"Yaushe?"

"Juma'ar nan da ta..."

Kamaluddeen ya waiga. Sai a lokacin ya lura hirar ƙarƙashin tsamiya ta tsaya cak, dattawan duk shi suke kallo. Biyu daga ciki sun miƙe sun tsaya a bakin rumfa. Daga kan titi wata mota ta gangaro a hankali, 'yan sanda uku suka sauko.

Malam Dabo ya ajiye sufanar da ke hannunsa, ya goge hannunsa a jikin farar rigar.

"Babu turbo, babu sufacaja, ni ko a hoto ban taɓa mallakar su ba. Gudun da take da shi ma ya ishe ta ta bi ta kan mahaifiyata da ƙwaryar nononta ka wuce ko waiwaye babu, yau kwana bakwai."