Mutum Huɗu a Rami Ɗaya

Ina aji shida a firamaren ƙauyenmu, kusa da Sule Tankarkar, shekarar da fari ya ƙafar da rijiyoyi. Babana mahaƙin rijiya ne, kuma shi aka ba aikin sabuwar da ake haƙawa a bayan makaranta.

Wata rana bayan azahar, malamin lissafinmu ya kwashe mu zuwa bakin ramin. Baba ya fito ke nan, jikinsa duk jar ƙasa, yana warin laka da gumi.

Malam ya tambaye mu, "Idan mutum ɗaya zai haƙa ta a kwana arba'in, mutum huɗu fa?"

Na yi wuf na ce, "Kwana goma!"

Baba ya ce, "Gafarta Malam, ai ramin nan ba ya ɗaukar mutum huɗu. Ɗaya ke haƙa, sauran sai jan ƙasa."

Na ɗaga murya na ce, "Baba, wannan lissafin boko ne, ba ka san shi ba." Yara suka tuntsire da dariya.

Malam bai yi dariya ba. Ya miƙo mini igiya ya ce in auna faɗin ramin, sannan ya durƙusa gaban Baba yana tambayarsa gaba nawa ake haƙawa a wuni. Da amsoshinsa muka sake lissafin.

Baba bai dube ni ba, ya ɗaura igiya a ƙugu ya koma ciki. Har ya rasu bai taɓa tayar da zancen ba, ni kuma na kasa buɗe baki in ce ya yafe mini.