Inabin Tsakar Gida

Motar dashen inabi na shigowa, 'yar mai gonar ta sha gabanta, takardar gwaji a hannu.

"Ko ɗaya ba za a sauke ba, Baba."

Mahaifinta ya ajiye ƙoƙon shayinsa na mate. Cutar naɗe-ganye ce ta sa suka tumɓuke inabin gonarsu kakaf, ƙasar ta yi shekara biyu tana hutawa a gindin duwatsun Mendoza. Yau ga dashe dubu uku daga lambun amininsa, ba hatimi, ba shaida, sai musafaha.

"Likitar ganye ta iso," in ji shi. "Wanda ya riƙe ki ranar baftisma za ki kunyata?"

"An gwada ganyen lambunsa, cutar na ciki. In muka dasa, shekara huɗu mu sake tumɓukewa. Zumunci ba ya kashe cuta!"

Aminin ya sauko daga motar, ya cire hula.

"'Yata, irin nan mai asali ne. Daga inabin kakanki na yanko shi, wancan na tsakar gidanku."

Su uku suka juya suka dubi inabin tsakar gidan. Shi kaɗai aka bari lokacin tumɓuka, don a inuwarsa suke cin abinci. Bayan kowane girbi ganyensa kan yi jawur ya nannaɗe, baƙi suna yaba kyansa. Alamar cutar ke nan, amma ita kanta ba ta taɓa gwada shi ba.

Mahaifinta ya shiga ɗaki ya fito da gatari, ya miƙa mata ƙotar.

"Ungo, likita, sare shi. Ni hannuna ba zai iya ba."