Fasinjar Kujerar Baya

Motar ta rage gudu a gindin gadar sama, inda ma'aikata ke yin cirko-cirko tun da sassafe, kowa da jaka a kafaɗa, ido a kan titi. Garin nan wurin kwana ne kawai. Gari na wayewa sai ya juye mutanensa cikin babban birni, da yamma ya karɓe su a gajiye. Manyan motocin haya sun cika sun wuce, wanda ya rage a gindin gada duk abin da ya tsaya shiga zai yi.

Mai Tumatir tana kujerar baya, jikin taga, da kwando a kan cinya. Har yau haka ake kiranta, ko da yake an rushe kasuwar bakin tasha da rumfarta a ciki, an gina kantunan da ba mai iya kama hayarsu. So take motar ta wuce kawai.

Wata budurwa cikin fararen kayan asibiti ta ɗaga hannu. Ta leƙo ta taga, ta dubi direba, ta dubi mai baƙin tabarau a gaba, ta dubi ƙaton da ke baya, ta ɗan ja jiki. Sai idonta ya sauka a kan dattijuwar, da mayafinta da kwandonta. Ƙaton ya fita ya ba ta hanya, ta shiga tsakiya.

"Ina kwana, Mama. Ganinki ma ya kwantar min da hankali."

"Lafiya lau, 'yata."

Nas ce, kuma bakinta ba ya gajiya. Kafin su wuce tsohon tankin ruwa Mai Tumatir ta ji cewa a ɗakin haihuwa take aiki, da mahaifiyarta take zaune, kuma hayar ɗaki a babban birni sai wanda ya gaji arziki.

"Mu dai albashinmu na direbobi ne, ajiya kawai ake ba mu," ta ce tana dariya.

Ba wanda ya taya ta. Direba bai ko waiwayo ba. Mai Tumatir ta tsura wa ƙeyarsa ido, ta ga gumi na gangarowa cikin wuyan rigarsa, alhali rana ba ta yi zafi ba tukuna.

Suka wuce masaƙar da aka rufe. Ciyawa ta cinye harabar, kwanon rufin ya yi tsatsa. Nan mijinta ya ƙarar da ƙarfinsa har ranar da aka sa wa ƙofa kwaɗo, ya koma gida ya kwanta, kwanciyar da bai tashi ba. Ta kawar da kai.

Nas ɗin ta sunkuya tana duban ƙasa. "Mama, ƙafarki a kumbure take. Ki rage gishiri. Ki zo wurinmu in auna jininki, ba sai kin bi layi ba. Kina da yara?"

"Ɗaya ne."

"Yana aiki?"

"Yana dai fita da safe."

"To Allah ya yi masa albarka, ya riƙe ki."

Mai Tumatir ta mayar da idonta kan titi.

A shataletalen da ke bakin gari akwai shingen 'yan sanda. Direba ya rage gudu, ya ɗaga hannu. Ɗan sanda ya leƙo, ya ga tsohuwa da kwando da nas cikin fararen kaya, ya daki bayan mota alamar a wuce. Mai Tumatir ta bi ɗan sandan da kallo har ƙura ta rufe shi.

Daga can sama ana hango dogayen benayen babban birni, gilasansu na walƙiya. Amma kafin su kai babbar gada, direba ya karya kan mota ya sauka daga kwalta, ya kama hanyar da tifofi ke bi zuwa wurin fasa dutse.

"Malam, ba nan ce hanya ba," in ji nas.

"Akwai cunkoso a gaba," mai tabarau ya amsa, bai juyo ba.

Gilasai suka ɗago. Makullan ƙofofi suka yi ƙas gaba ɗaya. Mai tabarau ya ƙara sautin rediyo, ƙaton ya gyara zama har cinyarsa ta danne jakar yarinyar. Gidaje suka ƙare, sai tarin duwatsu da bulo na gine-ginen da aka yi watsi da su.

Nas ɗin ba ta yi ihu ba. Ta saba ganin jini, ta san amfanin natsuwa. Ta zura hannu a hankali ta ciro wayarta, ta ɓoye ta a ƙarƙashin mayafin dattijuwar. Da ɗaya hannun ta kama wuyan hannun Mai Tumatir, yatsunta sanyi ƙalau. Ta matso har numfashinta na taɓa kunnenta.

"Mama, kar ki ji tsoro. Mun shiga hannun mugaye. Ki rufe ni da mayafinki in kira yayana. In sun tsaya ki bari in yi magana, zan roƙe su su sake ki, ke babba ce."

Hawaye ya zubo wa Mai Tumatir, ya ɗiga a bayan hannun yarinyar. Motar ta tsaya a bayan wani tudun tsakuwa. Direba ya kashe inji, ya ɗago ido ya dubi madubi yana jira.

Dattijuwar ta zare hannunta, ta damƙe wayar ta ƙarƙashin mayafi, ta jefa ta cikin kwando.

"Ki ba su jakar salin-alin, 'yata," ta ce, idonta a kan direba. "In kin yi shiru, ba zan bari ɗana ya taɓa ki ba."