Kiran Ƙarfe Goma

Ƙarfe goma da kwata Hajiya Ramatou ta sake danna lambar, karo na shida ke nan. Wayar ta yi ta ƙara har ta gaji ta katse. Ta ajiye ta a kan tebur, ta ɗauka, ta je taga, ta dawo. A ƙasa titin unguwarsu ta Morrisania wayam, sai motar asibiti da ta wuce da jiniya, ta uku tun safe.

Mma Hamdatu ba ta taɓa barin waya ta yi ƙara biyu ba.

Sati biyar ke nan da korona ta sa aka rufe cibiyar tsofaffi ta unguwa, inda a da ake taruwa a ci abincin rana, a auna hawan jini. Ma'aikata suka koma kai abinci ƙofa-ƙofa da buga waya kowace safiya su ji lafiyar mutane. To, a nan gizo ke saƙa. Ka tambayi tsohon Bahaushe jikinsa, ko yana bakin kabari lafiya lau zai ce maka, 'yan matan ofis kuwa sai su rubuta abin da suka ji. Sai da aka tarar da wani dattijo kwana biyu da rasuwa, alhali takarda ta ce lafiyarsa ƙalau, sannan Hadassa, 'yar Jos ɗin da ke kula da shirin, ta ce a sake lale.

Da ma Ramatou ta hana a sa sunanta cikin waɗanda ake kira. Macen da ta shekara ashirin tana sayar da atamfa a Harlem, sanyi da zafi, ita za a riƙa tambaya ko ta ci abinci kamar mai jego? Shekara saba'in da huɗu ai ba tsufa ba ne. Hadassa ba ta yi musu ba. Roƙonta ma ta yi ta taimaka musu, tunda kunnenta ya san lafiya lau ta gaskiya da ta kunya. Ta ba ta sunan Hamdatu, 'yar Kumasi mai zama ita kaɗai a unguwar University Heights, ta riƙa kiranta ƙarfe goma tana rubuta abu uku: abinci, magani, tari. Ledar abincin da ake ajiye wa Ramatou a ƙofa kuwa kason ma'aikata ne, shi ya sa take karɓa.

Ba su taɓa ganin juna ba, amma sun saba har da faɗa. Tsohuwar ta cika tambaya, ga gaggawa. Sau da yawa goma saura biyar sai ga kiranta ya shigo, Ramatou ta ji haushi an riga ta aikinta. Me kika dafa, kin shanye ƙwayar jinin, me ya sa muryarki haka? Ramatou ta bar shi a kan kaɗaici ne ke damunta, take amsa mata sama-sama. Ita kanta, in ban da wannan kiran, sai ta wuni ba ta buɗe baki ba sai a salla.

Jiya ta ji abin. Hamdatu na tsayawa tsakiyar magana tana neman numfashi, da aka tambaye ta ta ce lafiya lau, bene ta hau. Ramatou ta san ƙarya ce. Ta riƙe biro ta daɗe, ta tuna mutum nawa motar asibitin nan ta ɗauka ba su dawo ba, ta tuna baiwar Allah ba ta da kowa a ƙasar nan da zai bi ta asibiti. Ta rubuta lafiya.

Yanzu abin ke cin ta. In matar nan ta mutu a ɗaki ita kaɗai, ita ta kashe ta da hannunta.

Ta kira cibiya sau uku, layi a cike. Ta kurɓi shayin da ya huce, salam kamar ruwa, ta tsine wa masu yin ganyen shayin zamani. Ta zura hijabi, ta ɗaura takunkumi. Bas biyu ne zuwa can, in ma suna tafiya. Sati biyar ba ta taka waje ba, amma yau ko da rarrafe ne sai ta je.

Daga hawa na huɗu zuwa na uku sai da ta dafa bango. Zaman ɗaki ne, in ji ta, yana kashe gwiwa. A hawa na biyu ta yi kiciɓis da Hadassa, fuska a rufe, bayanta ma'aikatan motar asibiti biyu riƙe da kujerar ɗaukar maras lafiya.

Ramatou ta tare hanya ta ce sun yi ɓatan kai, su juya maza University Heights. Ta faɗi abin da ta ji jiya da abin da ta rubuta, ba ta rage komai ba, tana yi hawaye na jiƙa takunkumin.

Hadassa ta riƙe ta. Ta ce an kai Mma Hamdatu asibiti tun ƙarfe takwas, tana raye, an sa mata iskar numfashi.

"To me ya kawo ku nan?"

"Ita ta turo mu, Mama. Ta ƙi shiga mota sai da ta kira ni ta miƙa aikinta. Ta ce tsohuwar da muka ba ta ta riƙa dubawa kwana uku ke nan tana toshe waya tana tari, tana ce mata lafiya lau." Hadassa ta jawo kujerar kusa. "Zauna, Mama. Ke ce tsohuwar tata."