Mai Shayi da Alewar Mura

Kafin ka tashi ɓata hajar maƙwabcinka, zauna ka ji wannan misali.

A wata tashar mota akwai mai shayi da ya yi suna wajen haɗa shayin citta da kanumfari. Duk direba ko ɗan kamashon da mura ta kama, bencinsa yake nufa, ya sha kofi biyu ya yi gumi, ya tashi yana sa masa albarka. Ana nan sai wani mai kemis da shagonsa ke tsallaken titi ya kawo wata alewa mai sinadarin zinc, wadda ake tsotsa idan mura ta shigo. Mutum uku ko huɗu ne suka gwada, amma duk wanda mai shayi ya hango ya tsallaka titi yana jan hanci, sai ya ji kamar an zuba masa garwashi a ƙirji.

Wata rana wani likita ya zauna jiran mota ta cika, mai shayi ya cika masa kofi ya tambaye shi gaskiyar alewar. Likita ya ce mura takan tafi da kanta cikin mako guda ko fiye kaɗan. Alewar kuwa, in an fara tsotsarta tun ranar farko, mai yiwuwa ta rage kwana ɗaya ko biyu, kodayake masu bincike ba su gama yarda da juna ba. Ya ƙara da cewa tana barin ɗanɗanon ƙarfe a baki, wasu ma tana tayar musu da zuciya. Mai shayi ya ji kamar an ba shi takobi. Daga ranar, duk wanda ya zauna sai ya karanta masa, da ƙarfi don mai kemis ya ji: alewar banza ce, kamar ka tsotsi makulli, kwana biyu kacal take ragewa, shi ma sai an fara da wuri.

Wani ɗan kamasho da ya wayi gari da atishawa, wanda kuma da muryarsa yake ci, ya ajiye kofi.

"Kwana biyu ka ce, Malam? To yau ce ranata ta farko."

Ya tsallaka titi. Kafin mako ya zagayo, waɗanda ba su taɓa jin sunan alewar ba duk sun san ta, sun kuma san lokacin fara ta, daga bakin mai shayi. Shi kuwa ya shiga korar duk wanda ya zo da ita a kunci, har bencinsa ya koma wurin hutawar ƙudaje. Mai kemis dai ya ƙara kwalin alewa ɗaya a kan kantarsa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, hassada ga mai rabo taki ce.